Shekarar da Aka Ce Na Yi Hankali

Ina da shekara tara, ina aji uku a firamare a Tambuwal, idanuna suka fara ƙiftawa ba da son raina ba. Ba irin ƙiftawar kowa ba ce. Runtse su nake yi da ƙarfi, sau uku sau huɗu a jere, har hancina ya tattare. Inna ta ɗauka ciwon ido ne. Ta wanke mini da ruwan ɗumi, ta sa mini kwalli, ta hana ni zama kusa da murhu. Bayan wata biyu ƙiftawar ta lafa, har Inna ta fara yabon kwallinta, sai kafaɗata ta hagu ta karɓa, ta riƙa zabura tana neman kunnena. Daga baya maƙogwaro ya shigo da wani ɗan gurnani, irin na mutumin da ya gyara murya zai yi magana, amma babu maganar.

Abin da na kasa bayyana wa kowa a lokacin shi ne yadda yake zuwa. Kamar atishawa ne. Sai in ji yana taruwa a wuri guda, yana ƙaiƙayi daga ciki, kuma ba zai sake ni ba sai na yi. Ina iya danne shi na ɗan lokaci, kuma wannan ce ta jawo mini duk wahalar da na sha, domin duk wanda ya ga na danne sau ɗaya sai ya yanke hukuncin cewa sauran lokutan da gangan nake yi.

Tun kafin wannan ma, ni ba yaron da ake jin daɗin aikensa ba ne. Rawar kai ta yi mini yawa. A aike ni sayen daddawa, in ga katafila tana gyaran hanya, in bi ta har bayan gari, in dawo hannu rabbana na manta abin da ya fitar da ni. Shekarun nan ne kuɗin mai suka shigo ƙasa, motocin siminti suna ta wucewa ta garinmu, abin kallo ba ya ƙarewa. Fensir ba ya kwana uku a hannuna. In ana yi mini magana nakan ji farkonta, ƙarshenta kuwa sai dai in tambayi na kusa da ni.

Malaminmu na allo tsoho ne, kuma shi bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin laifi ba. Layi biyu yake rubuta mini, in na biya sai ya ce in tashi in zuba wa tumakinsa ruwa, in dawo ya ƙara mini biyu. A kan kafaɗata bai taɓa cewa uffan ba. A haka na yi nisa a wurinsa fiye da yaran da suka fi ni natsuwa, amma babu wanda ya tsaya ya tambayi dalili.

Makarantar boko ce ta zame mini azaba, musamman da muka shiga ajin ƙarshe. Lokacin gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta, azuzuwa sun cika maƙil, ana ta kawo sababbin malamai. Namu saurayi ne, bai daɗe da fitowa daga kwaleji ba, yana da sabon babur da wando mai faɗin ƙafa. Tsautsayina shi ne yana da wata ɗabi'a ta gyara murya kafin ya fara kowace magana. A ranarsa ta farko ya tsaya gaban allo ya gyara murya, ni kuma daga benci na uku nawa gurnanin ya fito. Aji ya kwashe da dariya. Tun daga ranar ya ƙudurta cewa kwaikwayonsa nake yi. Yara sun gaya masa haka nake tun aji uku, ya ce to tun aji uku nake da rashin kunya.

Na sha bulala, kuma ba ita ce ta fi tsaya mini a rai ba, don a zamaninmu kowa ya sha. Abin da ya yi ranar da sufeton makarantu ya zo shi ne ban yafe ba. Da safe ya kira ni gefe ya ce in ya ji ko tari daga bakina zan gane kurena. Na riƙe bakin benci da hannu biyu, na cije haƙora, na danne. Darasin bai kai sa'a guda ba, amma gumi ya jiƙa mini riga, kuma ban ji kalma ɗaya daga abin da aka koyar ba, duk hankalina yana kan tsare jikina. Sufeto ya tashi, ya kai bakin ƙofa yana sallama, sai abin ya ƙwace. Kafaɗa, wuya, ido, maƙogwaro, duk suka taso a lokaci guda. Sufeto ya waiwayo ya dube ni, ya yi murmushi, ya fita.

Da motarsa ta tashi, malam ya sa na durƙusa a tsakar rana gaban aji. Sannan ya umarci yara su fito a jere, kowa ya wuce ta gabana ya yi irin yadda nake yi, wai don in ga munin abin da idona. Waɗansu sun yi da murna. Waɗansu sun yi ne don tsoron bulala, har da abokina da muke raba ƙosai kullum, wanda ya ɗaga kafaɗa kaɗan ya wuce kansa a ƙasa. Daga ranar aka raɗa mini ƙadangare, saboda gyaɗa kai. Yau na girmi malamin nan a yadda yake a lokacin da shekaru masu yawa, na yi ta nema masa uzuri, ƙuruciya ce, yawan yara ne, tsoron sufeto ne. Ban samu wanda ya isa ba.

Babanmu malamin gona ne, mutum mai tsari da kunya, wanda yake ganin duk abin da malamin makaranta ya faɗa gaskiya ne. Da aka kai masa ƙara, hukuncinsa gajere ne: tunda na iya bari gaban sufeto, to ina iya bari. Abin da ya fi damunsa shi ne jarrabawar shiga sakandare ta kusa, kuma ni ba na iya zama in gama lissafi ɗaya.

A nan Baffa ya shigo, ƙanin Baba, direban tifa a wurin 'yan aikin hanya. Shi da abokan aikinsa suna shan wata ƙwaya don kada barci ya ɗauke su a kan sitiyari, 'yan ƙwadagon noma ma suna shanta don su daɗe a kan garma. A tasha ake sayar da ita, wurin wani mai kemis da ba a san inda ya koyi aikin ba. Baffa ya ce ɗaliban Sakkwato da ita suke karatu, ƙwayar karatu ma suke kiranta. Baba ya ce ba ya son irin waɗannan abubuwa. Bayan kwana biyu ya ce a gwada rabi.

Ba zan yi ƙarya ba, ranar farko abin mamaki na gani. Na sha rabin da koko na tafi makaranta, sai na ji maganar malam tun daga farkonta har ƙarshenta. Kamar a ce kullum rediyo biyar ne a kunne cikin kaina, aka kashe huɗu. Na yi lissafin rabawa guda goma ban tashi ba. Na dawo gida ina ɗokin nuna wa Baba littafina, kuma a ranar na fara sanin cewa ni ba daƙiƙi ba ne.

Baffa ya ga haka ya ce tunda rabi ya yi wannan aiki, guda zai yi ninkinsa. Aka mayar da ita guda. Na daina cin abinci, tuwo ya koma mini kamar ƙasa a baki. Barci ya ƙaurace mini, zuciyata tana bugawa kamar na yi gudu. Motsin jikin kuwa ya yi tsananin da bai taɓa yi ba. Wuyana ya riƙa fizgewa har ya yi tsami, na ciji cikin kumatuna ya yi gyambo, gurnanin ya zama wani haushi mai ƙarfi irin na kare da ake ji daga zaure. Baffa ya koma wurin mai kemis ya gaya masa. Mutumin nan, wanda bai taɓa ganina ba, ya ce jikina ne bai saba ba, a ƙara.

Inna ce ta ƙi. Ba ta saba musu da Baba ba, amma ranar ta ce ko a kai ni asibiti ko ta kai ni da kanta. Muka tafi Sakkwato a gaban tifar Baffa, ni a tsakiyarsu. A hanya Baffa ya ce kada a ambaci ƙwayar a gaban likita, don an fara kama masu sayar da ita, kada a jawo wa mutane fitina. Baba ya juyo ya ce mini, "Ka jiya ko?" Na ce na ji.

Mun yi layi tun hantsi har azahar. Likitan baƙo ne daga wata ƙasa, ba ya jin Hausa, wani nas ne yake fassara. Ya yi wa Baba tambaya biyu ko uku, ya dube ni ina fizge-fizge, ya yi rubutu. Ni bai tambaye ni komai ba, ko da ya tambaya ma an riga an ɗaure mini baki. Aka ba mu waɗansu ƙananan ƙwayoyi a ambulan, nas ya ce ɗaya safe ɗaya dare, in sun ƙare a dawo. Ba a gaya mana sunan ciwon ba, ba a gaya mana abin da maganin zai iya jawowa ba, mu kuma ba mu gaya musu abin da na yi makonni ina sha ba. Kowa ya rufe wa kowa, ni ne kawai zan haɗiya.

Aka daina ta Baffa, aka fara ta likita. A rana ta uku, bayan azahar, ina zaune a tsakar gida sai wuyana ya murɗe gefe guda ya ƙi dawowa. Harshena ya fito, idanuna suka kafe sama. Ina jin komai, ina jin Inna tana kiran sunana, amma ba na iya amsawa. Baba yana ƙauye wurin aiki. Matan maƙwabta suka cika gidan, wata ta ce iska ce, wata ta kawo hayaƙi. Inna ta kore su daga kaina, ta rungume ni a ƙirjinta tana ta karanta duk abin da ta haddace. Sai bayan la'asar sosai ya fara sakina. Da Baba ya dawo aka ba shi labari, ya ce ƙila ciwon ne yake fita, likita ya fi mu sani, a ci gaba.

Aka ci gaba, kuma motsin ya ragu, wannan gaskiya ne. Kafaɗa ta kwanta, haushin ya tafi. Amma ni ma na tafi tare da su. Jikina ya yi nauyi kamar an jiƙa ni an rataye. Ina tafiya hannuwana ba sa lilo. Miyau yana zuba a kan littafina ban sani ba. In aka yi mini tambaya, kafin amsar ta taso daga inda take har mai tambayar ya gaji ya tafi. Katafila za ta wuce ta ƙofar gidanmu ko kai ba na ɗagawa.

A wannan halin ne aka fi yabona a duk ƙuruciyata. Malam ya tsayar da ni gaban aji ya ce, "Kun gani ko? Yanzu ya yi hankali." Ya rubuta wa Baba takarda cewa na zama abin koyi. Baba ya saya mini sabon takalmi. Maƙwabta suna tsayar da Inna suna yi mata barka. Har yau in na tuna sai in ji raina ya ɓaci, domin babu ɗaya daga cikinsu da ya rasa ido. Sun ga miyau, sun ga yaro ɗan shekara goma sha biyu yana jan ƙafa kamar tsoho. Abin da suke so shi ne in daina damunsu, kuma na daina.

Ranar jarrabawa na rubuta sunana, na amsa tambayoyi kaɗan, na ɗora kai a kan tebur don in huta. Mai karɓar takardu ne ya tashe ni. Da sakamako ya fito babu sunana, Baba ya ce ai dama ba kowane kai ne na boko ba.

Kawu, yayan Inna, yana zaune a Kebbe. Manomi ne, kuma yana gyaran keke da babur a gindin wata tsamiya. Ya zo Tambuwal ranar kasuwa sayen kayan gyara, ya biyo gida ya gaida ƙanwarsa. Na fito na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya wurin Inna.

"Mi anka yi ma wanga yaro?"

Inna ta ce magani yake sha, an ce ya sami sauƙi.

"Wanga ba sauƙi ba ne. Yaron da ni sani, ko gaisuwa ba shi tsayawa ya ƙare."

Ya jira Baba ya dawo. Ban ji duk abin da suka tattauna a zaure ba, amma na ji muryar Kawu ta ɗaga sau ɗaya, abin da ba a saba ji ba tsakanin surukai. Ƙarshenta Baba ya ce tunda karatun ya ƙi, ya tafi da ni in koyi sana'a. Washegari Kawu ya ɗora ni a bayan babur, ya ɗaure ni a jikinsa da rawani don kada barci ya kayar da ni a hanya, hanyar kuwa duk ramuka ce da yashi.

Niyyar Kawu ya watsa ƙwayoyin a masai. Matarsa ce ta ce a fara nuna wa malamin asibitin garin, wani dattijon disfensa da ya daɗe a wurin. Dattijon ya karanta ambulan, ya dube ni, ya sa na yi tafiya zuwa ƙofa na dawo. Sannan ya ce Kawu ya ɗan ba mu wuri, ya zaunar da ni a benci, ya ce in gaya masa yadda abin ya fara. Shekara uku ana dukana ana ba ni magani a kan wannan abu, shi ne mutum na farko da ya tambaye ni. Na yi ta magana a hankali, yana jira. Na gaya masa har da ƙwayar Baffa. Ya cire tabarau ya goge.

Ya kira Kawu ya ce kada a yanke maganin lokaci guda, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, shi zai riƙa dubawa. Ya ce bai san sunan abin da Hausa ba, amma ya taɓa ganin masu shi. Ba hauka ba ne, ba iska ba ce, ba kuma iskanci ba ne, kuma sau da yawa yakan ragu in yaro ya girma. Ya ce in an daina maganin motsin zai dawo, sai a zaɓa. Kawu ya ce ya zaɓa, a rage har a daina.

Ya kuwa dawo, ido da kafaɗa da gurnani, amma ba irin na lokacin ƙwayar Baffa ba. Yaran Kebbe sun yi dariyarsu na ɗan lokaci suka gaji. Kawu ya ba ni ƙafar keke ya koya mini ɗaurin sifok, wato wayoyin cikinta, yadda ake ja nan a sassauta can har ta miƙe. Nan na lura da wani abu: in hannuna da idona suka nutse cikin aiki, jikina yakan yi shiru da kansa, sai na ajiye sifana ya dawo. Kawu ma ya lura, sai ya riƙa ƙara mini aiki. Da aka koma makaranta ya kai ni wurin hedimasta ya ce a bar ni in maimaita ajin ƙarshe. Aka zaunar da ni kusa da ƙofa, aka ce in abin ya taru in fita in zagaya in dawo. Ban zo na ɗaya ba, ban ma kusa ba, amma na sami makarantar koyon sana'a. Da gyaran injuna na ci abinci duk rayuwata. Motsin ya yi ta raguwa bayan na wuce ashirin, sai ɗan ɗaga gira da gyaran murya suka rage, su kam da su za a binne ni. Mantuwa da rawar kai ba su bar ni ba, matata ce shaida.

Na haura arba'in kafin in ji bayanin abin. Wata likita ce da nake gyara wa janareta ta lura da girata, ta tambaye ni cikin ladabi ko tun ina yaro nake haka. Na ajiye aiki na ba ta labari. Ta ce abu biyu ne suka haɗu a kaina, ciwon fizgar jiki da kuma ƙarancin tattara hankali, kuma sukan zo tare a yaro ɗaya. Ta ce ƙwayar Baffa dangin maganin da ake ba irin waɗannan yara ce, shi ya sa na ji daɗinta da farko, amma likita ne yake auna ta daidai jikin yaro yana lura da shi. Ba za ta rantse cewa ita kaɗai ta tsananta fizgar ba, don abin yana hawa yana sauka da kansa, kuma tsoro da rashin barci suna ƙara shi. Na biyun ma, wanda aka ba ni a asibiti, magani ne na gaskiya, amma mai ƙarfi ne, da kaɗan ake farawa, kuma ba kowane mai fizga ne yake buƙatarsa ba. Da na zo kan murɗewar wuya sai ta girgiza kai. Ta ce sanannen abu ne ga wannan magani, ya kamata a gargaɗi iyaye tun ranar farko, kuma akwai allurar da take warware shi cikin ɗan lokaci kaɗan.

Wannan ta ƙarshen ce ta hana ni sukuni. A ƙarshen mako na tafi Tambuwal na sami Inna, ta tsufa, tana zaune tana tsinar wake. Na gaya mata duk abin da likitar ta ce. Ta saurara har na gama, hannunta bai tsaya ba sai da na ambaci allurar. Ta tambaye ni ko a Sakkwato kaɗai ake samunta a lokacin. Na ce ban sani ba, ƙila har a asibitin garinmu akwai. Ta daɗe tana kallon faifan da ke cinyarta.

"Rannan na ɗauka gawarka nika riƙe da ita," in ji ta.

Sannan ta ce kada in gaya wa Baba. Ya tsufa, ba shi da lafiya, kuma babu abin da sanin zai gyara. Na ce mata yana da kyau ya san ba da gangan nake yi ba. Ta ce ita ta roƙe ni. Na bi maganarta. Baba ya rasu bayan shekara biyu, Allah ya jiƙansa, kuma har ya bar duniya, in ana hirar ƙuruciyata, yakan ce na yi fama da taurin kai amma Allah ya shirye ni.